Yadda Muka Tsara Tafiyar Jirgin Ruwa Zuwa Tsibiran Arewacin Turai

A watan Janairu, lokacin da rana kan faɗi tun wajen ƙarfe huɗu na yamma a garin da muke zaune a arewacin Ingila, ni da uwargidana muka yanke shawarar cewa hutun wannan shekarar a kan teku za mu yi shi, kuma arewa za mu nufa, wato tsibiran da ke tsakanin Skotlan da Aisalan. Mun shafe shekaru muna jin sunayen Orkney da Shetland da Faroe a rahoton yanayi, kullum tare da labarin iska da hazo, amma ƙafarmu ba ta taɓa taka ko ɗaya daga cikinsu ba. Na buga jadawalin tafiya guda uku na kamfanoni daban-daban a takarda, na shimfiɗa su a kan teburin cin abinci, kuma a daren farko ban yi wani abu ba face ƙirga yawan wuraren da kowane jirgi zai tsaya. Wanda ya fi yawan sunaye shi ya fi burge ni, domin a ganina a lokacin, kuɗi ɗaya ne mutum zai biya, don haka gara ya ga tsibiri bakwai da ya ga biyar.

Uwargida ce ta fara lura da abin da na tsallake. Ta ɗora yatsa a kan ƙananan lambobin da ke gefen kowane suna, ta ce, "Maigida, dubi nan. Wannan jirgin ƙarfe ɗaya na rana zai isa, ƙarfe shida kuma ya tashi. Me za mu gani a cikin awa biyar?" Da na zauna na yi lissafi sai na ga ko awa biyar ɗin ba su cika ba, saboda ana buƙatar fasinja ya koma cikin jirgi aƙalla rabin awa kafin tashi, sannan fita daga jirgi mai ɗauke da dubban mutane ita ma tana cin nata lokacin. Tun daga wannan dare na bar ƙirga sunaye, na koma ƙirga sa'o'i. Jadawalin da ya fi yawan tsibirai ya zama shi ne mafi ƙarancin lokaci a kan tudu, kuma na tuna da maganar mutanenmu cewa ba girin-girin ba, ta yi mai.

Abu na biyu da na koya a kan takardun nan shi ne wata 'yar alamar anga da ake sakawa kusa da sunan wasu tashoshi. Ma'anarta ita ce jirgin ba zai jingina da gaɓa ba, zai jefa anga ne a can cikin ruwa, a riƙa kwasar mutane a ƙananan jirage masu inji zuwa bakin teku. A wurin da ruwa yake kwance wannan ba wani abin damuwa ba ne, amma a arewacin Tekun Atlantika, inda iska kan juya cikin ɗan lokaci, kyaftin yana iya soke tsayawar baki ɗaya idan ya ga igiyar ruwa za ta hana mutane sauka lafiya, kuma sharuɗɗan da fasinja ke sa wa hannu sun ba shi wannan iko. Saboda haka na ɗauki jan biro na zagaye duk tashar da ke da wannan alama, na ɗauke ta a matsayin wadda ƙila mu samu, ƙila mu rasa. Jadawalin da muka zaɓa a ƙarshe na kwana goma sha biyu ne, yana tashi daga Newcastle, ya tsaya a Kirkwall da ke Orkney, da Torshavn babban birnin Faroe, ya kwana ɗaya a Reykjavik babban birnin Aisalan, ya biya ta tsibirin Heimaey da ke kudancin ƙasar, sannan ya ƙare da Lerwick a Shetland. Biyu daga cikin biyar ɗin ne ke da alamar anga. Tashi daga Newcastle maimakon Southampton da ke kudancin Ingila ya rage mana kwanakin da za mu yi a tsakiyar ruwa ba tare da ganin ƙasa ba, tunda tashar ta riga ta fi kusa da inda muka dosa.

Kafin in biya ko sisi, sai da na tsaya a kan batun biza, kuma a nan ne na fi ganin bambancinmu da maƙwabtanmu Turawa waɗanda suka ba mu shawarar tafiyar. Su fasfonsu kawai suke ɗauka su shiga jirgi, mu kuwa fasfon Nijeriya muke riƙe da shi. Orkney da Shetland suna cikin Birtaniya, don haka izinin zamanmu ya wadatar. Aisalan tana cikin yankin Schengen, wato rukunin ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, wanda ke buƙatar bizarsa, tare da shaidar inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Faroe ce ta kusa ruɗa ni. Tsibirai ne goma sha takwas da ke ƙarƙashin masarautar Denmak, suna gudanar da mulkin kansu tun 1948, amma ba sa cikin Tarayyar Turai, ba sa kuma cikin Schengen, ta yadda bizar Schengen ita kaɗai ba ta shigar da mutum can, sai an nemi wadda aka rubuta a jikinta cewa tana aiki a tsibiran Faroe, ta hannun hukumomin Denmak. Da farko na yi tunanin idan ba mu samu ba sai mu zauna a cikin jirgi a ranar, amma da na rubuta wa kamfanin sai suka amsa mini cewa wanda bai cika takardun dukan tashoshin ba, ba za a bar shi ya hau jirgin ba tun daga Newcastle. Na ajiye wannan amsa a rubuce. Ana iya shigar da takardar neman bizar Schengen tun wata shida kafin tafiya, kuma mun yi amfani da wannan dama, muka nema a watan Maris. Wanda zai taso daga Kano ko Abuja yana da ƙarin aiki, domin sai ya haɗa da bizar Birtaniya, ya kuma tabbatar tana ba shi damar shiga fiye da sau ɗaya, tunda jirgin zai bar ƙasar ya sake dawowa cikinta a Lerwick.

Mun zaɓi watan Yuli ne saboda tsuntsayen teku masu jan baki da ake kira fafin, waɗanda ke hawowa kan duwatsun gaɓa su yi sheƙa daga ƙarshen Afrilu zuwa farkon Agusta, sannan su koma cikin teku har wata shekara. Sai dai watan ya zo da wata tambaya da babu takardar kamfani da ta amsa mana, wato lokutan salla. Shetland tana kan digiri 60 a arewa, Reykjavik kuma ta haura digiri 64, kuma a wannan lokaci na shekara duhun dare ba ya kankama a can, jan sararin da ke biyo bayan faɗuwar rana ba ya ɓacewa har asuba ta riske shi. Na je wurin limamin masallacinmu da jadawalin a hannu. Ya ce mini, "Alhaji, kai matafiyi ne, kana da sauƙin ƙasaru da haɗa salla biyu." Ya bayyana mini cewa inda rana ke fitowa tana faɗuwa, da ita ake bin Magariba da Asuba, inda kuwa alamar Isha ta ɓace, malamai sun yi maganar ƙaddara lokaci, suna kafa hujja da hadisin kwanakin Dujal da ke cikin Sahihu Muslim. Mun tsaya a kan haɗa Azahar da La'asar a ranakun fita yawo, da haɗa Magariba da Isha da daddare. Alƙibla kuwa daga duk waɗannan tsibirai kudu maso gabas take, amma da yake jirgi yana juyawa, sai da na riƙa duba kamfas a kan bene kafin kowace salla, domin a cikin ɗaki ƙarfen jirgin yana ruɗa allurarsa.

Batun ɗaki da abinci bai ɗauke mu lokaci ba. Mun karɓi ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, inda tangaɗi ya fi sauƙi, saboda uwargida tana fama da jiri da tashin zuciya ko a mota. Mun sanar da kamfanin tun da wuri cewa ba ma cin naman da ba mu san yankansa ba, ba ma kuma cin abin da aka dafa da giya, don haka kifi da ƙwai da ganye muka ci gaba ɗayan tafiyar, da kwalbar yajinmu a jaka.

Babban aikin shi ne tsara abin da za mu yi a kowace tasha. Kamfanin jirgi yana sayar da nasa yawon a manyan motoci da ɗan jagora, kuma farashinsa ya kan fi na 'yan gari tsada sosai, amma yana da fa'ida ɗaya da ba a samu a wani wuri: idan motarsa ta makara, jirgi zai jira ta, alhali wanda ya fita da kansa ya makara, sai dai ya nemi hanyar da zai bi jirgin zuwa tasha ta gaba da kuɗin aljihunsa. A tsibiri wannan ba ƙaramar magana ba ce. Don haka ban ɗauki hanya ɗaya ga dukan tashoshin ba. Kowace na auna nisan wurin da muke son gani, da yawan sa'o'in da muke da su, da yadda za mu sauka daga jirgin, sannan na yanke hukunci.

Orkney ce na fi ɓata wa lokaci, ita ce kuma ta fi biya na. Jirgi yana jingina a Hatston, 'yar tazara kaɗan daga tsakiyar Kirkwall, kuma muna da yini guda cur. Na yi hayar direba ɗan garin tun watanni uku kafin tafiya, muka raba kuɗin da wasu mata da miji da suka yi rajista a jirgi ɗaya da mu, domin motocin haya a tsibirin ba su da yawa, ranar da babban jirgi ya iso kuwa ba a samun ko ɗaya a banza. Na kuma sayi tikitin Skara Brae ta intanet, na zaɓi sa'ar farko ta safe, don mu riga manyan motocin isa. Skara Brae ƙauye ne na gidajen dutse wanda aka zauna a cikinsa kimanin shekara 5,000 da suka wuce, ya girmi dalar Giza ta Masar, kuma yashi ya binne shi har sai da wata guguwa ta yaye shi a 1850. Ana tsayawa ne daga sama a leƙa cikin ɗakunan. A ɗakin da ya fi kowane cika, murhu yana tsakiya, gadajen dutse suna hagu da dama, sannan daura da ƙofa akwai wata kanta ta dutse mai hawa biyu, wadda ita ce abin da mai shigowa zai fara gani. Uwargida ta daɗe tana kallon ta, sannan ta ce a hankali, "Wannan ai jere ne." Ta tuna da ɗakin kakarta a Katsina, inda kwanoni da tasoshi suke jere a bangon da ke fuskantar ƙofa. Ni ma abin ya shige ni, domin ban zaci zan ga wani abu da na sani a ɗakin mutanen da suka rayu a bakin wannan teku mai sanyi tun kafin a san ƙarfe ba.

Daga nan muka wuce Ring of Brodgar, da'irar dogayen duwatsu da aka kafa a tsakanin tafkuna biyu, wadda tare da Skara Brae da Maeshowe suka shiga jerin wuraren tarihi na UNESCO a 1999. Maeshowe, wato kabarin da ake shiga ta wani dogon lungu a sunkuye, da gangan na cire shi daga shirinmu, saboda ba a shiga sai da jagora a ƙayyadadden lokaci, kuma gwiwar uwargida ba za ta ɗauki sunkuyon ba. Da yamma direban ya bi da mu ta kan shingayen da aka gina a zamanin Firaminista Churchill don toshe mashigar Scapa Flow, matsayar jiragen yaƙin Birtaniya, bayan wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Jamus ya nutsar da jirgin yaƙi Royal Oak a watan Oktoba na 1939. A tsibirin Lamb Holm muka ga ɗan cocin da fursunonin yaƙi 'yan Italiya, waɗanda suka yi aikin shingayen, suka gina da rumfunan kwano biyu, suka yi wa cikinsa fenti har mutum ya rantse da tubali da dutse aka yi shi. Mun koma Kirkwall saura awa biyu jirgi ya tashi, kamar yadda na tsara, muka yi amfani da su wajen zagaya babban cocin St Magnus na jan dutse, wanda aka aza harsashinsa a 1137, lokacin da tsibiran suke hannun mutanen Norwe.

A Torshavn ban sayi komai ba. Jirgi ya tsaya kusa da gari, kuma da ƙafa muka shiga Tinganes, inda ofisoshin gwamnati suke a cikin jajayen gidajen katako masu rufin ciyawa. Jajayen motocin bas na birnin kyauta ne, kuma ɗaya daga cikinsu tana zuwa ƙauyen Kirkjubøur, inda kangon wani tsohon babban coci yake, da wani gidan katako da zuriya ɗaya ke zaune a ciki tun ƙarni na 16. Motar ba ta zirga-zirga da yawa, don haka na rubuta lokutan dawowarta guda biyu a bayan hannuna, muka kama ta farko. Na so ƙwarai mu bi ta ramin mota na Eysturoy da aka buɗe a 2020, mai tsawon fiye da kilomita 11, wanda yake da shataletale a ƙarƙashin teku, amma hazo ya sauko tun hantsi, na ga babu amfanin biyan mota zuwa wuraren da ba za mu ga komai ba. A gefen gidaje mun ga rumbunan katako masu tsaga-tsaga inda suke rataye naman tumaki iska ta busar da shi tsawon watanni. Ya tuna mini da kilishi, ko da yake ba mu ɗanɗana ba.

Kwanan da jirgi zai yi a Reykjavik shi ya ba ni ƙarfin gwiwar sayen yawon rana ta farko daga wani kamfanin 'yan gari, tunda ko mun makara jirgin yana nan. Tafiyar ta ci kusan awa takwas. Mun tsaya a Thingvellir, inda majalisar ƙasar ta fara zama a shekarar 930, inda kuma aka ayyana jamhuriya a 1944, muka bi ta cikin tsagar da ke nuna yadda ɓangarori biyu na doron ƙasa suke rabuwa, sannan muka ga maɓuɓɓugar Strokkur tana feso tafasasshen ruwa sama bayan kowane 'yan mintuna, da magangarar ruwa ta Gullfoss mai zurfin mita 32 a hawa biyu. Abin da na kiyaye a nan shi ne agogo. Birtaniya da Faroe a lokacin zafi agogonsu ɗaya da na Nijeriya, Aisalan kuwa tana baya da awa guda, kuma wayar hannu takan canza da kanta ba tare da mutum ya sani ba, don haka na daidaita agogon hannuna da na jirgi, da shi kaɗai na riƙa aiki. Rana ta biyu ta faɗo ranar Juma'a, muka samu jam'i a wani masallaci a cikin birnin. A daren da muka kwana a can, sai bayan ƙarfe goma sha ɗaya muka yi Magariba.

Heimaey ce muka rasa. Na yi niyyar mu taka da ƙafa zuwa Eldfell, dutsen da ya yi aman wuta a daren 23 ga Janairu 1973, har aka kwashe mazauna tsibirin sama da 5,000 a jiragen kamun kifi kafin gari ya waye, aka kuma yi watanni ana feshin ruwan teku a kan narkakken dutsen don kada ya toshe tashar jiragensu. Da asuba kyaftin ya sanar cewa igiyar ruwa ta yi ƙarfi, ba za a sauke ƙananan jirage ba. Ya zagaya da mu tsibirin a hankali, muka hangi baƙin dutsen daga bene. Na ji zafin abin, domin labarin mutanen nan ne ya fara jawo hankalina ga wannan jadawali, amma da yake ban biya kowa komai a can ba saboda alamar angar da na zagaye tun a Janairu, asarar ta tsaya a kan rashin gani kawai.

A Lerwick ma anga aka jefa, a mashigar da ke tsakanin garin da tsibirin Bressay, kuma a nan kaɗai na sayi yawon kamfanin jirgi. Dalilina biyu ne: masu tikitin kamfani ake fara saukewa a ƙananan jirage, sannan wurin da muke so, Sumburgh, yana can ƙarshen kudancin tsibirin, kimanin kilomita 40 daga gari, a kan hanya guda ɗaya. Mun fara da Jarlshof, inda gidajen mutanen zamunna daban-daban suke kan juna a wuri ɗaya, tun daga na shekaru 4,000 da suka wuce har zuwa dogayen gidajen mutanen Norwe, waɗanda suka riƙe Shetland har sarkin Denmak da Norwe ya jinginar da ita ga Skotlan a 1469 a madadin kuɗin auren 'yarsa. Daga nan muka hau zuwa hasumiyar fitila da aka gina a 1821. A bayan wata gajeriyar katangar dutse, tazarar da ba ta fi taku uku ba, wani fafin ya sauko da ƙananan kifaye jere a bakinsa, ya tsaya yana dubanmu da jajayen ƙafafunsa a kan ciyawa, sannan ya shige raminsa. Uwargida ta riƙe hannuna ba ta ce komai ba.

A hanyar dawowa, titin yana ratsa tsakiyar filin saukar jiragen sama na Sumburgh, kuma muna isa aka sauke shinge saboda jirgi zai sauka. Bayan an ɗaga, muka tarar da aikin gyaran hanya a gaba, motoci suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Na duba agogona na ga lokacin ƙaramin jirgin ruwa na ƙarshe ya wuce da minti ashirin, amma 'yar jagorarmu ta riga ta buga waya, ta ce mana ana jiran mu. Da muka isa bakin ruwa mun tarar da ma'aikata sun naɗe rumfarsu, jirgi ɗaya ne ya rage da injinsa a kunne, kuma muna hawa babban jirgin aka fara janye anga. Mun yi Magariba da Isha wajen ƙarfe goma, fitilar Sumburgh tana haskawa ta hannun dama, sararin arewa kuma bai yi duhu ba har muka kwanta.